Tallafin Annoba da Agajin Talaka a Birtaniya: Lissafin da Ya Fi Ƙwarar Mai Ƙaramin Ƙarfi

A daren Litinin, 23 ga watan Maris na 2020, sa'ad da Firayim Ministan Birtaniya Boris Johnson ya umarci jama'ar ƙasarsa da su lazimci gidajensu saboda annobar korona, akwai mutane wajen miliyan biyar a ƙasar waɗanda ba su da ubangidan da ke biyansu albashi, abincinsu na fitowa ne daga guminsu na yau da gobe: direbobin tasi, masu aski, masu kitso, magina, masu gyaran famfo da wutar lantarki, makaɗa, da matan da ke renon 'ya'yan mutane a gidajensu. Kwana uku kafin wannan dare, Ministan Kuɗi Rishi Sunak ya riga ya kwantar wa ma'aikatan kamfanoni hankali, da ya ce gwamnati za ta ɗauki kashi 80 cikin ɗari na albashin duk wanda aka ce ya zauna gida, har zuwa fam 2,500 a wata. Amma su masu cin gashin kansu, waɗanda babu wani littafin albashi da sunansu yake ciki, sai ranar 26 ga wata aka waiwaye su da wani shiri da aka taƙaita sunansa da SEISS, aka kuma gaya musu tun a ranar cewa kuɗin ba za su iso ba sai wajen watan Yuni.

Ga mutumin da kasuwarsa ta tsaya cak a watan Maris, wanda kuɗin haya da cefane ba su san da wata annoba ba, Yuni tana da nisa ƙwarai. Da aka tambayi mahukunta yadda mutane za su yi kafin nan, sai suka nuna musu ƙofa ta biyu, wato agajin da ake kira Universal Credit, wanda Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ke bai wa marasa aiki da masu ƙaramin samu wata-wata. Jama'a kuwa suka yi tururuwa. Cikin mako biyu na ƙarshen Maris an shigar da buƙatu kusan miliyan ɗaya, layukan tarho suka cushe, mutum ya buɗe kwamfuta don ya tabbatar wa hukuma shi wane ne, sai ya tarar da dubun-dubatar mutane a gabansa suna jiran abu guda. Waɗanda ke karɓar agajin, da suke wajen miliyan uku kafin annoba, ba a cika shekara ba sai da suka kusa miliyan shida. Ta haka ne mutane da yawa suka tsinci kansu da ƙafa ɗaya a ofishin haraji, ɗaya a ofishin agaji, alhali kuwa ofisoshin nan biyu, ko da yake baitulmali guda ke ciyar da su, ba da mudu ɗaya suke awo ba.

Hukumar haraji ta HMRC, wadda aka ɗora wa rabon tallafin, baya take dubawa. Tana ɗauko takardun harajin da mutum ya cika na shekara uku da suka gabata, ta fitar da matsakaiciyar ribarsa ta wata, ta ɗauki kashi 80 cikin ɗari, ta ninka sau uku, sa'an nan ta zuba masa a banki gaba ɗaya, iyakarsa fam 7,500. Sharuɗɗanta kaɗan ne amma masu tsauri: ribar shekara kada ta wuce fam 50,000, sana'ar ta zama ita ce aƙalla rabin abin da mutum ke samu, kuma ya kasance ya cika takardar harajin shekarar 2018 zuwa 2019. Ba ta tambayi abin da ke cikin asusunsa ba, ba ta tambayi albashin matarsa ba, ba ta kuma hana shi ci gaba da sana'a in ya samu hali ba. An buɗe karɓar buƙatu ranar 13 ga Mayu, gabanin lokacin da aka yi alkawari, kuma gaskiya ita ce aikin ya tafi da sauri fiye da yadda aka saba gani daga hukuma, domin mutum yana shigar da lambar harajinsa da lambar inshorar ƙasa, cikin kwana shida na aiki kuɗi sun sauka.

Shi kuwa Universal Credit tarbiyyarsa dabam ce. An kafa shi da dokar gyaran agaji ta 2012, a zamanin da Iain Duncan Smith ke riƙe da ma'aikatar, aka fara aiki da shi a 2013, da nufin a haɗe agaji iri shida, ciki har da na marasa aiki da na haya da rangwamen haraji na masu iyali, su koma abu guda. Ba ruwansa da bara, ba ruwansa da baɗi. Wata ɗaya tak yake gani, wanda ke farawa daga ranar da mutum ya shigar da buƙatarsa, kuma duk abin da ya shigo hannu a cikin wannan wata shi ne samun watan, ko da kuwa ladan aikin rabin shekara ne. Daga kowane fam da mutum ya samu, a wancan lokaci, ana zabtare kwabo 63 daga agajinsa. Yana duban gida ne gaba ɗaya, samun miji da na mata a haɗe, yana kuma duban ajiya: wadda ta wuce fam 6,000 tana rage agaji, wadda ta wuce fam 16,000 kuwa tana rufe ƙofa ɗungurungum. Biyan farko ba ya zuwa sai bayan mako biyar, sai dai mutum ya ci bashi daga agajin nasa, a riƙa cirewa daga baya.

Malaman fiƙihu da suka yi bayanin zakkar zinariya da azurfa ba su hukunta wa mutum wadata don abin da ya faɗo hannunsa a yini guda ba, sai da suka shardanta nisabi ya cika, shekara kuma ta kewayo a kansa, domin sun fahimci cewa dukiyar mai nema tana hawa tana sauka, kuma wanda ya auna ta a ranar cikarta kaɗai ya zalunci mai ita. Tsarin agajin Birtaniya an ɗinka shi ne a jikin mai albashi, wanda samunsa na Janairu bai bambanta da na Fabrairu ba, shi ya sa tun kafin annoba bai taɓa zama daidai a jikin mai sana'a ba. Har akwai wata ƙa'ida da ta fi kowace damun masu sana'a, wadda ta ce bayan shekara guda da fara sana'a za a ƙaddara cewa mutum yana samun aƙalla abin da ma'aikaci mai mafi ƙarancin albashi zai samu a awa 35 na mako, ko ya samu ko bai samu ba, a kuma yanke agajinsa bisa wannan samu na zato. Da an bar ta a watan Maris, da direban da motarsa ke ajiye a ƙofar gida an lissafa shi a matsayin mai cikakken aiki. Lalura ta sa aka jingine ta, aka kuma ƙara fam 20 a mako a kan agajin kowa, har na mutum guda mai shekara 25 zuwa sama ya kai fam 409 da ɗoriya a wata, ban da kuɗin haya. Rangwame ne na gaske, kuma wanda ya musanta amfaninsa bai yi adalci ba.

To, da tallafin wata uku ya zo a dunƙule, sai tambaya ta taso: a wane matsayi ofishin agaji zai ɗauke shi? Hukuncin da aka yanke, aka kuma sa shi cikin doka a watan Mayu na 2020, shi ne cewa samun sana'a ne, kuma na watan da ya shiga banki ne kaɗai. Ba za a koma baya a ce wa mutum ya dawo da agajin Maris da Afrilu ba, ba kuma za a rarraba kuɗin a kan watannin da aka biya dominsu ba. Wajibi ne mai karɓa ya shiga shafinsa na intanet a ƙarshen watansa, kamar yadda yake yi kullum, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya kashe a kan sana'a, ya sa tallafin a cikin abin da ya shigo. A zahiri hukunci ne mai sauƙi, wanda akawu zai so, amma sai an zauna da alƙalami sa'an nan ake ganin inda ya karkata.

Mu ƙaddara mutum uku, kowanne shi kaɗai yake zaune, ba 'ya'ya, ba wani samu, kowanne agajinsa na wata, da kuɗin haya a ciki, fam 1,010 ne. Ta farko mai share-share ce a gidajen mutane, ribarta kafin annoba fam 400 a wata, saboda haka tallafinta na wata uku fam 960. A watan da kuɗin suka sauka an zabtare kwabo 63 daga kowane fam, wato wajen fam 605, abin da ya yi mata saura na ƙari bai wuce fam 355 ba. Na biyu direban tasi ne mai ribar fam 1,250 a wata, tallafinsa fam 3,000. Da za a yi masa irin lissafin da aka yi mata, da an cire fam 1,890, amma ba a iya cire wa mutum fiye da abin da ake ba shi, don haka agajin watan ya tafi duka, fam 1,010, wata mai zuwa kuma ya dawo cif. Na uku magini ne da ya sami iyakar tallafin, fam 7,500. Shi kam wata ƙa'ida ta kama shi, wadda ake tura rarar samu zuwa watan gaba, sai dai ita ma ba ta fara aiki sai samun ya haura matakin da agaji ke ƙarewa da fam 2,500. Da aka yi lissafi, agajin wata biyu ya rasa, fam 2,020, a na uku ya koma karɓa.

Ga yadda abin ya tsaya ke nan: mai share-share ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na tallafinta, direba ya rasa kashi ɗaya cikin uku, magini kuwa ɗan abin da ya haura rubu'i. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wannan da niyyar cutar da matalauta, kuma za a iya cewa dukansu ukun sun fi wanda bai sami kome ba, amma niyya ba ta canza sakamako. Gwargwadon ƙanƙantar sana'ar mutum, gwargwadon girman kason da baitulmali ya karɓe daga abin da ya ba shi. Abin da ya ƙara wa mas'alar ban mamaki shi ne, dunƙule kuɗin da aka yi, wanda mutane suka fi tsoro da farko, alheri ya zama ga direban: da an biya shi fam 1,000 kowane wata, da ya rasa fam 630 sau uku, wato fam 880 fiye da abin da ya rasa. Ga mai 'ya'ya da ƙaramin tallafi kuwa dunƙulewar hasara ce, domin a lokacin doka ta yafe wa irinsa fam 292 na farko a kowane wata in yana karɓar kuɗin haya, ko fam 512 in ba ya karɓa, kuma tunda kuɗin wata uku a wata guda suka zo, sau ɗaya ya ci moriyar yafewar maimakon sau uku.

Daga nan sai sanin doka ya zama jari. Tunda ofishin agaji abin da ya shiga da abin da ya fita a cikin wata yake dubawa, wanda ya san dawan garin sai ya jira watan da tallafi zai sauka ya biya inshorar motarsa, ya sayi kayan aiki, ya sauke bashin harajin da ke kansa, duk a cire daga samun watan kafin a yi zabtarewa. Wani kuma ya dubi ranar da watansa ke juyawa kafin ya danna buƙata, don kada tallafin ya haɗu da wani kuɗin da yake jira. Babu haramci a cikin wannan ko kaɗan, ƙungiyoyin ba da shawara irin su Citizens Advice sun sha bayyana wa jama'a ƙa'idojin, amma a fili yake cewa mai akawu da mai lokacin karatu su suka fi amfana, ba wadda ke fama da yara uku a ɗaki biyu tana cika takarda a wayar hannu ba. Gwamnati dai ta toshe rami guda a cikin dokar nan ta Mayu: a da, in samun wata ya shafe agaji, sai mutum ya sake nema da kansa, amma aka mayar da shi cewa za a ɗauka ya sake nema, har tsawon wata biyar, ba sai ya motsa ba.

Akwai wani ramin da ba a toshe ba, kuma shi ya fi zurfi. A lokacin, iyalai masu yawa na masu sana'a ba su riga sun koma sabon tsari ba, suna kan tsohon rangwamen haraji na masu aiki da masu 'ya'ya, wanda hukumar haraji ke biya, wanda kuma yake lissafi da shekara, bai kuma damu da ajiyar mutum ba. Doka ta ce duk wanda ya shigar da buƙatar Universal Credit, tsohon rangwamensa ya yanke nan take, kuma babu komawa, ko da daga baya an ce masa bai cancanci sabon ba. A cikin ruɗanin watan Maris, da ake ta shelar cewa wanda ya rasa samu ya nemi agaji, mutane sun nema da kyakkyawan zato, aka duba aka ga ajiyarsu ta haura fam 16,000, ko albashin abokin zama ya yi yawa, suka tashi ba tsuntsu ba tarko. Sai daga baya aka fito da gargaɗi ƙarara a shafin neman. Su kuwa waɗanda suka daure suka zauna a tsohon tsari, tallafin ya shiga lissafin samunsu na shekara, tasirinsa ya zo a hankali, ba da sara guda ba.

Batun ajiya ma ya taɓa masu sana'a ta wata fuska ta musamman, domin mai albashi ana cire masa haraji tun kafin kuɗi su zo hannunsa, shi kuwa mai sana'a shi ke tara nasa ya biya a Janairu da Yuli. Mutum mai tsentseni, wanda ya ware kuɗin hukuma bai taɓa ba, sai ya ga kamar amanarsa za ta zama hujja a kansa. Ma'aikatar ta bayyana cewa kuɗin da aka ajiye don haraji dukiyar sana'a ce, ba a lissafa ta cikin ajiya, amma sai mutum ya san da haka ya kuma faɗa. Wanda ajiyarsa ta tsufa ce, da yake masu sana'a da yawa ba su da fanshon kamfani, shi babu wannan mafita gare shi.

Duk wannan magana a kan waɗanda suka sami ƙofa biyu ce. Wasu ɗaya suka samu, wasu ko ɗaya. Wanda ya fara sana'a bayan Afrilun 2019 ba shi da takardar harajin da ake nema, sai a tallafi na huɗu, a 2021, aka shigo da shi. Wanda ya yi wa sana'arsa rajistar ƙaramin kamfani yana biyan kansa daga ribar hannun jari bai shiga ba. Wanda ribarsa ta haura fam 50,000 da fam ɗaya bai sami ko kwabo ba, alhali mai albashin da ya ninka nasa ya sami fam 2,500 a wata. Ƙungiyar ExcludedUK, wadda ta tashi don kare irin waɗannan, ta ce sun kai miliyan uku. Matan da suka yi hutun haihuwa a cikin shekaru ukun da aka auna sun ga matsakaiciyar ribarsu ta faɗi, ƙungiyar Pregnant Then Screwed ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara kuma a watan Nuwamba na 2021 ta yarda cewa tsarin ya nuna musu bambanci a fakaice, amma ta ce gaggawar lokacin ta isa uzuri.

Baƙi kuwa, ciki har da 'yan Nijeriya da Gana da ke zaune a London da Manchester da sauran birane da izinin zama na wa'adi, al'amarinsu a juye yake. Yawancin irin wannan izini yana ɗauke da sharaɗin cewa mai shi ba shi da haƙƙi a kuɗin agajin jama'a, Universal Credit kuma yana cikinsu, amma tallafin SEISS ba a lissafa shi a ciki ba. Don haka baƙon da ya cika sharuɗɗan haraji ya karɓi tallafinsa ba a zabtare masa kome ba, tunda ba shi da agajin da za a zabtare, wanda bai cika ba kuwa ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ko da ya shekara goma yana biyan haraji. Da ɗan majalisa Stephen Timms ya tayar da maganar a gaban Firayim Minista a zaman kwamiti ranar 27 ga Mayu 2020, amsar Johnson ta nuna kamar bai san da sharaɗin ba, har yana tambayar abin da ya hana mutanen neman agajin.

Tallafin bai tsaya a na farko ba. An yi na biyu a watan Agusta, kashi 70 cikin ɗari, iyakarsa fam 6,570. Na uku a ƙarshen Nuwamba da na huɗu a Afrilun 2021 suka koma kashi 80. Na biyar ne kaɗai aka ɗaura shi a kan ainihin faɗuwar ciniki, wanda cinikinsa ya ragu da kashi 30 ko fiye ya sami cikakke, wanda bai kai haka ba ya sami kashi 30, iyakarsa fam 2,850. Jimla an raba wajen fam biliyan 28 ga mutum kusan miliyan 2.9. Kowane zagaye kuwa sai lissafin nan na mutum uku ya maimaita kansa, wata guda agaji ya faɗi ko ya ɓace, watanni biyu ya dawo, har mai gida ya rasa yadda zai tsara kuɗin hayarsa, domin a tsarin Universal Credit kuɗin haya a cikin agajin suke, in ya ɓace sun ɓace tare.

Janyewar ta zo a jere cikin 'yan watanni. Daga Agustan 2021 aka fara dawo da ƙa'idar samun zato, ranar 30 ga Satumba aka rufe karɓar buƙatun tallafi na biyar, a farkon Oktoba aka cire ƙarin fam 20, duk da roƙon da tsofaffin ministocin ma'aikatar shida na jam'iyya mai mulki a lokacin suka yi, ciki har da Duncan Smith kansa. A kasafin kuɗin ƙarshen Oktoba Sunak ya rage zabtarewa daga kwabo 63 zuwa 55, sai dai a lokacin babu sauran tallafin da zai ci moriyar ragin. Saura haraji, domin tun ranar farko an faɗa cewa tallafin riba ce kamar kowace riba, ana biyan harajin samu da kuɗin inshorar ƙasa a kansa, kuma a kan cikakken adadin da hukumar haraji ta biya, ba a kan abin da ya rage bayan ofishin agaji ya ɗebi nasa ba. Harajin tallafi uku na farko wa'adin biyansa ya cika ranar 31 ga Janairu 2022.